Wa Zai Ɗauki Makarar Mahama?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, babanmu Alhaji Zulkarnaini. Mai girma limamin masallacin lungunmu, Malam Abdul-Mumin. Masu unguwanni da wakilan ƙabilu da suka taho daga Nima da Mamobi. Dattawanmu da suke zaune a sahun gaba, musamman babana Alhaji Abdulai, wanda zan ambaci sunansa fiye da sau ɗaya a yau, ina kuma neman afuwarsa tun kafin in fara. Malaman makarantun boko da na Islamiyya. 'Yan uwana matan kasuwa, na Nima da na Makola, har da waɗanda suka rufe rumfa suka shigo motar haya, torotoro, tun daga unguwar Malam. 'Ya'yanmu samari da 'yan mata da suka cika bayan rumfa suna leƙe. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mubarika, mai sayar da wakye, wato shinkafa da wake, a bakin kasuwar Nima, kuma ni ce matan unguwar nan suka ɗora wa magajiyanci. Ban fi su ilimi ba, baki na fi su. Ina godiya ga Ƙungiyar Iyayen Unguwa da ta kira wannan zama, ina godiya ga shugaban makarantar nan da ya buɗe mana filinsa ranar da babu karatu, ina godiya ga samarin da suka kafa rumfa suka jera kujeru tun hantsi, ina kuma godiya ta musamman ga bawan Allahn da ya kawo janareta, domin ya san halin wutarmu, ya kuma san idan Mubarika ta fara magana ba ta son a katse ta.

An ba ni batu. An ce in yi wa iyaye bayani a kan wasannin talabijin, masu sa kuka da masu sa dariya, har da sababbin nan da suka yi yawa tun bayan korona, na mutanen da suka tsira daga annoba: wanne ya cancanci a zauna a kalla, wanne ya cancanci a tashi a bar shi. An zaɓe ni ne saboda an san ni da kallo, ni kuwa ban taɓa ɓoyewa ba. Amma ba mu taru don mu ruɗi juna ba, kowa ya san abin da ya cika filin nan yau. Ga Mahama can jingine da katanga, Mahama mai tura amalanke a Makola, wanda ya zo garin nan da baƙin gashi ya yi furfura a cikinmu. Ya ɗaure kayansa, ranar Litinin zai hau motar arewa ya bar mu, domin an rantse a gabansa cewa ranar da ya mutu babu mai ɗaukar makararsa a unguwar nan. A kan wasan talabijin aka yi rantsuwar, saboda haka batun da aka ba ni da batun Mahama hanyarsu ɗaya. Ku yi mini haƙuri in bi su daki-daki, baƙin da ba su san labarin ba za su ji shi kafin in zauna.

Magana ta farko, me muke kallo? Mu faɗi gaskiya, tunda a gaban Liman muke. Da an idar da magariba, ka bi lungunan Nima ka kasa kunne, kowace taga da abin da take fitarwa. Ga Ba'indiya da ɗigo a goshi tana kuka da Tonanci, yaren mutanen Kumasi, ga sarakunan Turkiyya a kan dawakai suna zare takubba, ga na Kano da 'ya'yanmu suke saukewa a waya, waɗanda suke tuna mana irin Hausar da kakanninmu suka zo da ita kafin mu cakuɗa ta da harsunan maƙwabta. Ni ban zo in ce a kashe akwati ba. Wanda ya wuni a rana yana ciniki, wadda ta wuni da kwano a ka, wanda ya wuni yana kiran fasinja har murya ta dishe, suna da haƙƙin su miƙe ƙafa su ga abin da zai sanyaya musu rai. Abin da nake cewa shi ne a zaɓa, kamar yadda nake tsince wake kafin in zuba a tukunya.

Ni awon da nake yi mai sauƙi ne. Za ki iya kallon wasan nan surukinki yana zaune a ɗakin? Kwanakin baya mijin 'yata ya kawo mini gaisuwa muna tsakiyar wani wasa, sai ga jarumi da jaruma sun fara matsowa kusa da juna. Jama'a, sai kowa ya nemi abin yi! Shi ya fara karanta kalandar bango, ni na aiki jikata ta kawo ruwan da babu mai jin ƙishirwarsa, ita kuwa 'yata ta bi ƙarƙashin kujera tana laluben abin canja tasha. Wasan da zai sa uwa da suruki su rasa inda za su sa ido, a bar wa masu shi. Sannan ku duba ko wasan yana tafiya ko kuwa yana jan ku ne kawai. Akwai wanda na fara kallo jikata tana rarrafe, yanzu ta shiga makaranta, har yau ba a gano wanda ya sace jaririn ba. Mace ɗaya za ta sauko daga bene, sai an nuna fuskar kowa a gidan har da mai gadi, mako ya ƙare ba ta kai ƙasa ba. Haba! Wannan cin lokaci ne, mu kuwa talakawa lokaci ne jarinmu.

Waɗanda suka cancanta suna nan, kuma ba kaɗan ba ne. Wasan da yake nuna 'yar kasuwa ta karye ta sake tashi, ku kalla. Wasan asibiti da yake nuna yadda ake gane ciwo tun bai yi nisa ba, ku kalla, maƙwabciyata a irinsa ta koyi cewa kumburin ƙafar mai ciki ba abin zama a gida ba ne. Wasan kotu da yake sanar da marainiya da mai haya cewa su ma suna da haƙƙi, ku kalla, ku kira 'ya'yanku su kalla tare da ku. Idan an gama wasa aka tashi da abin tattaunawa da ya wuce wa zai auri wa, to ba a yi asarar wuta ba.

Magana ta biyu, wasannin ban dariya. A nan nake da zafi, ku gafarce ni. Dariya iri biyu ce, akwai wadda ake yi tare da mutum, akwai wadda ake yi wa mutum. Na gaji da ganin wasan da abin dariyarsa shi ne yadda ɗan arewa yake karya Turanci. Na gaji da ganin 'yar ɗaukar kaya a matsayin wawiya, alhali da wuyanta take ciyar da gida guda a ƙauye. Na gaji, wallahi na gaji, da ganin cewa duk inda ake neman ɓarawo ko ɗan daba a wasa sai a sa masa hula a kira shi ɗan Zongo, wato ɗan unguwa irin tamu. Mai in'ina, gurgu, tsoho da ya faɗi, waɗannan ba abin dariya ba ne, kuma yaron da ya saba yi musu dariya a akwati zai yi musu a titi. Amma wasan mai gida da masu haya a kan kuɗin wuta, wasan layin famfo da asuba inda bokiti yake riƙe wa mai shi wuri, wasan yaron mota da fasinjan da ya hau da babbar takardar kuɗi, waɗannan kanmu muke gani a ciki, mu yi dariya mu ji sauƙi, babu wanda ya tashi da rauni.

Magana ta uku, wasannin waɗanda suka tsira. Jikokina ne suka fara nuna mini su a waya. Zubinsu kusan ɗaya ne: wata cuta ta share duniya, birane sun zama kango, ciyawa ta fito a kan titi, 'yan tsirarun da suka rage suna yawo da bindiga, kowa yana tsoron kowa, ana kashe mutum a kan gwangwanin kifi. An iya shirya su, ba zan ƙi gaskiya ba, kuma akwai masu kyau a ciki, waɗanda suke yin tambayar da ta kamata: idan babu ɗan sanda, babu alƙali, babu mai ganinka sai Allah, wane irin mutum ne kai? Irin waɗannan babba ya kalla tare da baligan 'ya'yansa, ƙanana kuwa a kore su, domin jinin ya yi yawa. Sai dai akwai abu ɗaya da yake ci mini rai. Gawa tana kwance a bakin hanya, jarumi ya tsallake ta ya wuce, ko waiwaye babu. Na ce wa jikana, kai, garin nan babu Musulmi ko Kirista ko ɗaya da ya saura ne? Ya ce, "Kaka, ai duniya ce ta ƙare." Na ce ko duniya ta ƙare ai ƙasa ba ta ƙare ba, a haƙa a rufe bawan Allah.

Mu ma ai mun ɗanɗani namu. Kun tuna shekarar korona, da aka rufe Akra, aka rufe masallatai, aka yi feshi a kasuwanni, aka ce kowa ya zauna a ɗaka ya ba da tazara. Tazara a Nima! Ɗaki ɗaya iyali guda, gida ɗaya famfo guda, ina za a samo tazarar? Mun ji tsoro, wallahi mun ji tsoro, ni kaina abinci ya daina shiga mini. Amma ban ga wanda ya ɗauki adda a kan gwangwanin kifi ba. Abin da na gani shi ne mai garin rogo ta ba mai sukari, mai gawayi ta ba mai tukunya, 'yan matan da suke ɗaukar kaya a Makola, da aikinsu ya tsaya cak, aka rarraba su gida-gida ana ci da su. Abincin da mu mata muka riƙa dafawa kuwa, Mahama ne yake ɗora shi a amalankensa yana bi lungu-lungu, ƙyalle a hanci, yana ba tsofaffi dariya ta taga.

Wannan ne ɗanmu Tawfiq ya gani ya ce shi ma zai shirya namu. Tawfiq mai gyaran waya a Kokomlemle, ga shi can ya sunkuyar da kai. Ɗaga kanka, ɗana, ban zo kanka ba tukuna. Ya tara abokansa, da kyamara ɗaya da kayan aro, suka fara wasa mai suna Waɗanda Suka Saura, har wata ƙaramar tasha ta karɓa tana nunawa kowace Lahadi. Labarin gidan haya ne a Nima bayan wata annoba da ta fi korona muni. Mai gida ya mutu, masu haya kaɗan suka rage, cikinsu akwai ɗan Dagomba, Bazabarme, ɗan Mosi, Bahaushiya, da wata Kirista 'yar Bolga, dole su rayu tare ko su mutu ɗaya-ɗaya. Mahama ne ya fito a tsohon marowaci da ya ɓoye buhun gari a ƙarƙashin gado, yana kwana a kansa, yana kukan yunwa fiye da kowa, alhali ɓeraye sun riga sun tona masa asiri, sun ja farin layi daga ƙofarsa har tsakar gida. Ranar da ya jawo buhun da kansa ya dire a gaban jama'a ya ce tsintarsa ya yi, na yi dariya har na yi hawaye, hawayen kuma suka zarce na gaske. In kun tambaye ni wasa ɗaya da ya cancanci kallo a wannan shekara, shi zan nuna muku, kuma ba zan yi shakka ba.

To, sai aka zo kashin da tsohon zai mutu. Nan aka yi kuskure, kuma kuskure ne, ba zan sa masa wani suna ba. Tawfiq yana son a ga makara tana ratsa lungu daga sama, a ga ƙuncin hanya, a ga kaɗaicin maza huɗu da suka rage suna ɗauke da na biyar. Ya sa kafinta ya yi masa makara, aka naɗe Mahama a farin ƙyalle aka rufa masa tabarma, aka ce masa kome ya ji kada ya motsa sai ya ji muryar Tawfiq. Shi kuma ya hau rufin wani bene da kyamararsa, inda babu mai ganinsa daga ƙasa. Bai gaya wa mai unguwa ba, bai gaya wa Liman ba, bai sa an yi shela ba. Yaron nan ya manta a wace unguwa yake.

Kun san al'adarmu, amma bari in faɗa saboda baƙi. Lungunanmu mota ba ta shiga, saboda haka gawa a kafaɗa take fita har bakin titi. Kuma a Zongo ba a tambayar gawar wa ce kafin a sa kafaɗa. Duk namijin da ya ga makara, ya ajiye abin da yake yi, ya bi, ya karɓi wanda yake ɗauke da ita, ya yi 'yan taku, wani ya karɓe shi. Haka muka tarar, domin kakanninmu baƙi ne a garin nan, da yawansu sun mutu babu dangi kusa, sai suka ɗaukar wa juna alkawari cewa babu wanda zai tafi shi kaɗai.

Ana dab da azahar 'yan wasa suka fito da makararsu. Kafin su kai kwanar farko mahauci ya goge hannu ya karɓi ɗaya, tela ya bar kekensa ya karɓi na biyu, masu tafiya masallaci suka faɗo cikin ayarin suna hailala. Kafin a kai gadar gwata, babbar magudanar ruwan nan, babu ɗan wasa ko ɗaya a jikin makarar, an ture su can baya, sun zama 'yan rakiya a cikin wasansu. Na tambayi ɗayansu me ya hana su magana, ya ce, "Magajiya, dattijo sa'an kakana yana hailala a gefena, ta ina zan fara?" Tawfiq yana kan bene yana ɗaga hannu yana ihu, muryar jama'a ta danne tasa, kafin ya sauko ya zagayo an toshe lungun. Shi kuwa Mahama yana ciki yana jin muryoyi suna ƙaruwa, yana cewa a ransa lallai yaron nan ya samu buɗi, ji yawan mutanen da ya ɗauko.

Aka ajiye makara a ƙofar masallaci. Liman ya yi tafiya ranar, babanmu Alhaji Abdulai ne babba a wurin. Ya ce gawar wa ce? Kowa ya ce bai sani ba. Ya sa aka ɗaga tabarma aka buɗe fuska. Mahama ya ɗauka kyamara ce ta matso, sai ya ƙara runtse ido ya ɗauke numfashi. Alhaji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Mahama ne! Jiya-jiya ya kawo mini buhun shinkafa har ɗaki." Waɗanda suke wurin sun ce Alhaji ya durƙusa ya dafa makarar ya yi kuka irin wanda ba su taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce tunda bawan Allahn nan ba shi da kowa a garin nan, shi ne danginsa, shi zai sallace shi, shi zai sa shi a kabari da hannunsa. Aka ja sahu.

A nan Mahama ya gane. Ya san muryar Alhaji, ya kuma san Alhaji ko kusa da akwatin talabijin ba ya zama, balle ya fito a wasa. Ya gaya mini kunya ta so ta danne shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Amma da ya ji an ce a daidaita sahu, ya ce ba zai bari a yi kabbara a kan mai rai ba. Kafin Alhaji ya ɗaga hannu, ya yunƙura ya zauna a cikin farin ƙyallensa, ya ce, "Alhaji, don Allah ku yi haƙuri, da raina."

Abin da ya biyo baya kun gani a wayoyinku, kuma ina jin kunyar cewa kun gani. Sahu ya watse, takalma suka rasa masu su, Alhaji ya ja da baya ya faɗi zaune, hularsa ta yi gefe. Maimakon a ɗaga dattijo, wasu 'ya'yanmu waya suka ɗaga. Kafin la'asar hoton ya kai Kumasi da Tamale, har an sa masa kiɗa. Alhaji ya miƙe, ya nuna Mahama ya ce, "Wallahi ranar da ka mutu da gaske, kafaɗata ba za ta taɓa makararka ba." Mutanen da suka bar sana'arsu suka yi gumi suka ce su ma haka.

Tun ranar, in Mahama ya shiga sahu sai a matsa, in ya yi sallama sai a amsa a ciki. Makon jiya ya zo rumfata, na zuba masa abinci ya kasa ci, mutumin da yake ba ni dariya har in ƙona miya. Ya ce, "Magajiya, ni ba talauci nake tsoro ba, na saba da shi. Matata ta rasu, ba mu haihu ba. Abin da ya zaunar da ni a Nima shi ne na san in na faɗi za a ɗauke ni. Yanzu gara in koma ƙauyenmu bayan Walewale, ko ba su tuna ni ba sun tuna ubana." Na zagaya bayan rumfa na yi kukana, na dawo na ce masa ya jira wannan taro.

Baba Alhaji, yanzu da kai nake. Ni 'yarka ce, a gabanka na girma, ba zan taɓa cewa ba a yi maka laifi ba. An yi maka, laifi biyu ma. Tawfiq ya yi na farko da gangancinsa, masu waya suka yi na biyu da rashin kunyarsu. Tawfiq ya zo ƙofarka ya durƙusa ka ƙi fitowa, zai sake durƙusawa yau a gaban jama'a. Amma a kan wa hukuncin ya faɗa? A kan wanda yake naɗe ba ya gani, a kan wanda da ya gane ya zaɓi ya kunyata kansa da a yi wasa da salla. Na ji ka ce an sa ka zubar da hawaye a banza. Wallahi Baba ba a banza ba ne. Mu nawa ne a filin nan za mu taɓa sanin wanda zai yi mana kuka? Mahama ya ji da kunnensa babban mutum kamarka ya ce shi ne danginsa, abin da bai taɓa ji ba tun zuwansa garin nan. Shi ya sa duk cikin rantsuwar da aka yi, taka ce ta sa shi ɗaure kaya.

Ku kuma jama'a, ku dubi abin da ya faru da idon basira. Tawfiq ya so ya nuna mutum huɗu su kaɗai da gawa, Nima ta ƙi. Kyamararsa tana kunne a kan bene, na roƙe shi ya nuna mini abin da ta ɗauka. Na ga lungu yana cika, na ga maza suna fitowa daga shago, daga ƙofa, daga kan babur, na ga kafaɗa tana karɓar kafaɗa, ba a shirya ba, ba a gayyaci kowa ba, babu wanda ya san gawar wa ce. Duk wasannin tsira da na kalla na ƙasashen da suka fi mu wadata, ban ga abin da ya kai wannan ba. To al'adar da ta sa muka ɗauki gawar da ba mu sani ba, ita za mu karya a kan wanda muka sani?

Mai girma shugaba, shawarata ga ƙungiya ita ce kada a hana yaran nan wasansu, a dai sa musu doka. Kada a sake ɗaukar komai a lungu sai mai unguwa ya sani an yi shela, abin da ya shafi gawa ko salla kuwa sai da izinin Liman. Waɗanda suka yaɗa hoton dattijo su goge, su zo su ba shi haƙuri da ƙafarsu. Na san za a ce saura rantsuwa, da sunan Allah aka yi ta. Ni ba malama ba ce, shi ya sa na je na tambayi Liman, ga shi zaune, in na kauce ya gyara mini. Ya ce wanda ya rantse zai bar wani alheri, to ya aikata alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ya kuma ce ɗaukar gawar Musulmi haƙƙi ne a kan al'umma, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Malam, haka ne? Kun ga ya gyaɗa kai. To duk wanda ya rantse ya kawo shinkafarsa da wakensa, itace da gumi namu ne mu matan kasuwa, masu ci kuwa ba sai an je nema da nisa ba.

Ni mace ce, ba a ba ni ɗaukar makara ba. Da an ba ni, da ban tsaya ina roƙon kowa ba, da ni da Awabu da Memuna da Rafi'atu mun isa. Makara kusurwa huɗu gare ta. Ina son maza huɗu daga cikin waɗanda suka rantse su miƙe tsaye, Mahama ya gan su da idonsa yana raye. Ba zan zauna ba sai na gani, kun kuwa san ƙafata ta saba da tsayuwa.

Alhamdu lillahi! Basit mahauci, kai ka fara karɓa ranar, kai ka fara tashi yau, Allah ya yi maka albarka. Mika'ilu tela, na gan ka. Awal direba, kai ne na uku. Kai, kai, ku da kuke ta tashi a baya, na gan ku duka, Allah ya saka muku, amma ku dakata. Kusurwar da ta saura ta mutum ɗaya ce, kuma kowa ya san shi. Baba, muna jira, babu gaggawa.

Ku miƙa masa sandarsa. A'a, kada ku riƙe shi, da kansa yake son tashi. Jama'a, ku yi shiru, yana magana.

To, na baya ba ku ji ba, bari in maimaita muku yadda ya faɗa. Ya ce a gaya wa wancan marar kunyar ya kwance kayansa. Ya ce shi ya girmi Mahama nesa ba kusa ba, yana zaton shi zai riga tafiya, kuma yana son Mahama a kusurwar gaba ta makararsa, saboda haka babu inda Mahama za shi. Mahama, ka ji da kunnenka. Bar katangar nan ka taho ka gai da babanka. Ku buɗe masa hanya, ku bar shi ya yi kukansa.

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, Allah ya ba mu haƙurin zama da juna, Allah ya shirya mana 'ya'yanmu ya sa albarka a sana'arsu. Allah ya tsare Nima da Mamobi da ƙasar Gana baki ɗaya daga annoba da fitina, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani a cikin 'yan uwa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.